Mai jegon da ta kwana 9 a zaune: nazarin ciwon zuciyar wata maƙwabciyata a Aboabo

Wacece ita

Ni ungozomar asibiti ce, shekara 14 kenan ina karɓar haihuwa a nan Kumasi, a Aboabo aka haife ni kuma nan nake zaune har yau. Matar da zan ba da labarinta ba a hannuna ta haihu ba, maƙwabciyata ce gidansu na bayan namu, ita da kanta tace Anti ki rubuta ko Allah zai sa wata ta amfana, to amma ba zan faɗi sunanta ba ko na mijinta, haka ƙananan wuraren da ta fara zuwa neman magani su ma na bar sunansu.

Shekarunta 34 lokacin, wannan ne cikinta na 5, huɗun baya duk da kanta ta haife su lafiya lau kuma duk suna raye. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi, tun ƙarfe 3 na dare take tashi ta tace gasara ta hura gawayi, mijinta kuma makaniki ne a Suame Magazine. Gidan haya suke, ɗaki da falo, famfo ɗaya ne a tsakar gida ga iyali 11. Bata taɓa ciwon zuciya ba, bata da asma, bata da sikila, kuma a cikunanta na baya ba a taɓa ce mata jininta ya hau ba. Na duba tsofaffin katunanta na awo da idona kafin in rubuta wannan.

Daga awo zuwa haihuwa

Ta fara awo a sati na 16. A sati na 20 sikanin ya nuna tagwaye. Jininta 10.2 ne, wato akwai ɗan ƙaranci amma ba mai tsanani ba, aka ɗora ta kan maganin ƙarin jini, tana shan Fansidar na rigakafin zazzaɓin sauro a gaban nas kamar yadda ake yi wa masu ciki a Ghana. Katin NHIS ɗinta, wato na inshorar lafiya ta gwamnati, na aiki, dama tun 2008 aka maida awo da haihuwa kyauta ga mai kati, don haka bata taɓa fashin awo saboda kuɗi ba.

Awon hawan jini na tafiya 110/70 har zuwa sati na 33, a nan ne ya tashi 150/95 kuma aka ga furotin a fitsarinta. Wannan shine hawan jinin masu ciki wanda in an yi sake yake kaiwa ga jijjiga. Aka bata magungunan hawan jini Aldomet da nifedifin aka ce ta rinƙa zuwa duk sati, kuma tana zuwa. A sati na 37, farkon Disamba kenan, aka kwantar da ita aka tayar mata da naƙuda, ta haifi namiji mai kilo 2.4 da mace mai kilo 2.1, tsakaninsu minti 20, duka da kanta ba tiyata. Jinin da ta zubar an ƙiyasta mililita 600, aka yi mata allura mahaifa ta tsuke ya tsaya. Kwana 3 aka sallame ta, jini 9.1, awon hawan jini 140/90, da nifedifin a jaka da umarnin ta dawo a kwana na 6 ko na 7 a duba ta ita da jariran.

Kwana na 3 zuwa na 7: jego da suna

Mahaifiyarta ta rasu da daɗewa, don haka gwaggonta ce ta taso daga Salaga ta zo yi mata jego, dattijuwa mai kusan shekara 70 wadda ita ta yi mata jegon duk yaranta na baya. Gwaggo ta kama aiki yadda ta gada. Wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya ana fyaɗa mata a jiki har sai ta yi jawur, daga nan kunun kanwa babban kofi sau uku a rana don nono ya kawo tunda baki biyu ne ke jira, ga farfesun ƙafar sa da yaji, ga gasasshen nama da maigidan ke kawowa da dare. Maganin hawan jinin kuwa ta sha kwana 2 ta ajiye, a tunaninta tunda ciki ne ya kawo shi kuma cikin ya fita ai magana ta ƙare, kuma babu wanda ya tambaye ta.

Komawa asibitin kwana na 7 ya faɗo daidai ranar suna, duk wanda ya san zango ya san babu mai jegon da za ta bar gida ranar nan, kwana na 6 kuma ana ta lalle da kitso da karɓar baƙi daga Asawase da Tafo har da 'yan uwa daga Nima. Bata je ba.

Ni na je sunan. Na ganta zaune cikin kwalliya, ƙafafunta sun kumbura har takalmin ya ƙi shiga, nace ƙanwata wannan ƙafa fa, tace Anti tun ina da ciki take haka, na danna da yatsa ya lotsa, nace mata kumburin jego ne zai saɓe ki rinƙa ɗaga ƙafar sama. Ban auna jininta ba alhali abin awon na ɗakina taku kaɗan daga gidan, ban kuma tambaye ta ko tana shan maganinta ba. Washegari na shiga aikin dare na sati 2, da rana barci nake, ban sake sa ta a ido ba sai daren da aka buga min ƙofa.

Kwana na 10 zuwa na 21: abubuwan da aka gwada

Abin da ke ƙasa daga bakinta ne da na Gwaggo da takardun da suka ajiye.

Kwana na 10 tari ya fara, busasshe, ya fi tashi in ta kwanta da dare. Hunturu ya shigo, ƙura ko'ina, rabin gidan duk tari suke, don haka aka ce mura ce. Maigidan ya je kemis aka haɗo masa maganin tari na ruwa da amoksisilin da diklofenak saboda tana kukan ciwon jiki, da kwalbar tonik na ƙarin jini. Ta sha kwana 6 ba canji. A kwana na 13 ne ta daina iya kwanciya sam, da ta miƙe bayanta ya taɓa katifa sai taji kamar an danne mata ƙirji da dutsen niƙa, ta fara da filo biyu, ta koma uku, ƙarshe ta koma zama a bakin gado ta jawo kujera ta ɗora filo ta kifa kai a kai, a haka take gyangyaɗi har asuba. Gwaggo na ganinta a zaune amma ta ɗauka shayar da tagwaye ne ke hana ta kwanciya, ita kuma bata faɗa ba don kar a ce ta cika raki, mace mai haihuwa ta biyar.

Kwana na 17 ta kasa kaiwa bayi ba tare da ta tsaya ta dafa bango ba, sai suka hau pragya, wato babur mai ƙafa uku, zuwa wani ƙaramin asibitin kuɗi. An yi gwajin zazzaɓin sauro babu, jini 9.4, awon hawan jini 145/95, bugun zuciya 112. Wanda ya duba ta yaji ƙirjinta na fito irin na masu asma, yace ƙurar hunturu ce ta tayar mata, aka sa mata hayaƙin Ventolin aka bata firednisolon, kuma da yake ta galabaita maigidan ya roƙa a ƙara mata ruwa ta samu ƙarfi, aka ɗaura mata leda 2, lita 1 kenan. Taji ɗan sauƙi na kamar awa 2. Daren nan shine mafi muni tun da abin ya fara, zuciyarta na dukan uku-uku, numfashi sama-sama.

Ganin an je kemis an je asibiti ba dama, sai hankalin gida ya koma wani wajen, wasu suka ce baki ne saboda tagwaye da irin taron da aka yi ranar suna, wasu suka ce iska ce ta same ta a bayi. Aka karɓo rubutu, aka yi tofi, aka yi hayaƙi a ɗaki aka rufe taga. Nono kuma ya fara ja baya, jariran na kuka, Gwaggo ta ƙara yawan kanwa a kunu ta maida shi sau huɗu a rana. Kumburin ya wuce gwiwa ya kai cinya, zobenta ya ƙi fita.

Daren kwana na 22

Ƙarfe 2 da 'yan mintuna maigidan ya buga min ƙofa, ranar ina hutu, yace Anti Nas dan Allah ki zo maman tagwaye numfashinta zai ɗauke. Na ɗauki abin awon jini da ɗan abin nan na auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa na bi shi.

Na same ta a bakin gado ta dafa gwiwa, zufa ta jiƙa ta sharkaf a cikin sanyin nan, bata iya haɗa kalma uku sai ta tsaya ta ja iska. Bugun zuciya 128, numfashi 34 a minti, awon hawan jini 100/70, oksijin 86 cikin 100. Jijiyoyin wuyanta sun miƙe sun cika tana zaune, tana tofar da majina mai kumfa da ɗan ja-ja a ciki, da na sa abin sauraro a bayanta kuwa tun daga ƙasa har tsakiya ƙarar ruwa nake ji ɓangare biyun. Nace ƙanwata yaushe rabonki da kwanciya ki miƙe? Ta ɗaga min yatsu tara. Gabana ya faɗi.

Gwaggo ta kawo tabarma tace a kwantar da ita a yi mata fifita, nace Gwaggo ki yi haƙuri kar a kwantar da ita ko kaɗan, ruwa ne a huhunta, in ta kwanta zai rufe ta. Tace 'yar nan ruwa kuma daga ina, nace zuciyarta ce ta gaji, mu je tukuna zan yi miki bayani. Wani ɗan tasi a layinmu muka tayar, aka zaunar da ita a baya a miƙe ina riƙe da ita, taga a buɗe, muka nufi Bantama kai tsaye asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda duk Kumasi ke kira Jii. Ban tsaya ko'ina a hanya ba don na san abin da take buƙata hoton zuciya ne da likitan zuciya. Da yake dare ne ba cunkoso, minti 15 muka isa.

Kwana 11 a asibiti

A sashen gaggawa suna ganin awonta suka shige da ita ɓangaren masu tsanani, aka sa mata oksijin, aka yi mata allurar Lasix mai fitar da ruwa ta fitsari, miligiram 40 ta jijiya, aka maimaita, aka sa robar fitsari don a rinƙa aunawa. Cikin awa 24 ta yi fitsari lita 3.5, oksijin ya hau 94, ta fara magana. Hoton ƙirji ya nuna zuciya ta faɗaɗa ga ruwa a huhu. Likitocin sun yi tunanin ko gudan jini ne ya toshe jijiyar huhu tunda shima yana kama masu jego haka, sun kuma yi tunanin tsohon ciwon ƙofofin zuciya da ake samu tun yarinta, kwana na 2 a asibitin aka yi mata eko wato sikanin ɗin zuciya, shi ya raba gardama. Lokacin eko baya cikin abin da katin NHIS ke biya, ƙaninta ne ya turo kuɗin ta MoMo, wato ta waya.

Akwai lissafin da eko ke bayarwa, wato cikin jinin da ya cika babban ɗakin zuciya na hagu kashi nawa take iya turawa waje a bugu ɗaya. Mai lafiya 55 zuwa 70 ne cikin 100. Nata 25. Ɗakin ya saki ya yi faɗi, ƙofofin lafiyarsu lau, babu gudan jini a ciki. Likitan zuciya yace ciwon da suke taƙaitawa da PPCM ne, raunin naman zuciya da ke zuwa a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa ga macen da bata da ciwon zuciya a da, ana kiransa haka in lissafin ya gaza 45 kuma ba a ga wani dalili ba. Ya fi samun baƙar fata, da wadda ta yi hawan jinin ciki, da mai tagwaye, da wadda ta haura 30 ta yi haihuwa da yawa. Duk ita.

Maganin zuciya a hankali aka rinƙa ɗorawa. Enalafiril miligiram 2.5, Aldactone 25, Lasix ya koma na haɗiya, shi kuma kabedilol sai da huhu ya bushe a kwana na 6 a asibitin sannan aka fara da 3.125 safe da yamma, saboda in aka bada shi ruwa na nan yana iya ƙara dagula lamarin. Allurar Clexane mai hana jini daskarewa aka rinƙa yi mata tana kwance a asibiti, da za a sallame ta aka maida ta kan wafarin na wata 2, tunda zuciyar da bata matsawa da kyau jini na iya daskarewa a cikinta ya tafi ƙwaƙwalwa, mai jego kuma dama jininta na saurin daskarewa.

An yi doguwar magana kan shayarwa. Akwai maganin da ake kira buromokiriftin mai ƙafar da nono, wanda wani ƙaramin gwaji a Afirka ta Kudu a 2010 ya nuna yana iya taimakon zuciyar irin waɗannan mata, saboda ana ganin sinadarin da ke kawo ruwan nono yana tsinkewa guntunsa ya cutar da ƙananan jijiyoyin zuciya. Likitan ya shimfiɗa musu duka a faifai, ga amfanin da ake fata, ga kuma jarirai biyu da ba su kai kilo 3 ba, ga tsadar madarar gwangwani, ga gida mai famfo ɗaya. Ita da mijinta suka zaɓi ci gaba da nono ana haɗawa da madara, shi kuma ya tabbatar magungunan da ya bata masu tafiya da shayarwa ne. Ranar shiga kilo 81 take, ranar fita 72. Ta kwana biyu a miƙe da filo ɗaya kafin a sallame ta, a kwana na 33 da haihuwa.

Kwana na 48: koma baya

Sati 2 kawai ta sake dawowa gadon asibiti. Da muka bi diddigi ga abin da ya faru. An yi arba'in ta fara yawon gaishe-gaishe gidajen dangi, Lasix kuma na sa ta fitsari a hanya, sai ta rinƙa tsallake na ranar da za ta fita. Kabedilol ya ƙare kwana 5 ba a saya ba don aiki ya yi wa maigidan ƙasa a Magazine kuma yaji kunyar faɗa. Kunun kanwa kam an daina tun a asibiti, amma tukunya ɗaya ake yi wa kowa, miyar na da gishiri da Maggi uku da kobi, busasshen kifin nan mai gishiri, ga shito, soyayyen yajin nan, ana zubawa a kan shinkafa da wake. An faɗa musu a rage gishiri, su kuma gishirin da ake barbaɗawa da hannu kawai suka ɗauka ana nufi. Ta ƙara kilo 3 cikin kwana 5, tari ya dawo. Wannan karon ita ce ta aiko 'yarta ta kira ni tun ranar da ta ƙara filo na biyu. Kwana 4 ta yi aka sallame ta.

Daga wata na 2 zuwa na 6: tsarin da ya zauna

Bayan dawowa ta biyu na je na zauna da Gwaggo mu biyu a tsakar gida, don na lura tun daga asibiti ta yi sanyi, bata magana, ashe wani ya ce mata a gaban mutane kunun da take damawa ne ya kusa kashe yarinyar, har ta fara haɗa kayanta za ta koma Salaga. Nace Gwaggo in kika tafi wa zai riƙe ta? Na ɗauko soso na tsoma a ruwa na nuna mata, nace kanwa da gishiri da Maggi duk dangi ɗaya ne, suna riƙe ruwa a jiki kamar haka, mai ƙarfin zuciya za ta iya turawa ya fita, ita kuwa tata yanzu kamar jakin da ya yi rauni ne, ko kaya kaɗan aka ƙara sai ya durƙushe. Ta yi shiru can tace to 'yar nan faɗa min abin da zan yi.

Tun daga ranar magani ya koma hannun Gwaggo, a ƙulle a bakin zaninta, bata karatun boko amma mun ɗaura kowane da sallah, na safe bayan Asuba na yamma bayan Magariba, muka yi wa kowace leda alama da zare mai launi. Ƙaramar tukunya daban ga mai jego, albasa da tafarnuwa da citta da daddawa da ɗanyen kifi, ba Maggi ba kobi. Kunu na nan amma na gero da gyaɗa ba kanwa. Wanka da ruwa mai ɗumi. Na kai musu sikelina na ɗaki, kullum da safe bayan ta yi fitsari ta hau, babbar 'yarta mai shekara 13 ta rubuta a littafin makaranta, muka yi yarjejeniya in ta ƙara kilo 2 cikin kwana 3 ko ta nemi ƙarin filo a kira ni ko tsakar dare ne. Sau biyu aka kira ni, duka biyun na buga wa asibiti aka gyara Lasix ba tare da an kwantar da ita ba. Diklofenak da danginsa an hana shiga ɗakin, ciwon jiki sai farasitamol. Matan adashinsu suka sa ta ɗauki kwasar farko, kuɗin aka ajiye a hannun magajiyarsu don magani kawai, wata ƙanwar mijin ta karɓi teburin koko.

Maganar tazarar haihuwa ta fi komai wuya. Likita yace sabon ciki kafin zuciyar ta farfaɗo na iya zama ajalinta, kuma enalafiril da wafarin duk suna cutar da ɗan tayi, sannan ƙwayoyin tsarin iyali na haɗiya masu sinadarin istirojin basu dace da ita ba. Maigidan ya nemi a bashi lokaci, ya je wajen limamin masallacinsu, liman yace masa inda likita amintacce ya tabbatar akwai haɗari ga rai to kare ran ya zama dole, ya dawo da kansa ya raka ta aka sa mata Jadelle, abin tazarar haihuwa da ake sawa ƙarƙashin fatar hannu, na shekara 5. Da azumi ya zo tana wata 3 bata yi ba, ga ciwo ga shayarwa, limamin ne ma ya sake kwantar mata da hankali don ta yi kuka sosai a kan wannan.

Sakamako

Eko na wata 3 ya nuna 35. Na wata 6, 44. An ɗaga kabedilol a hankali har 25 safe da yamma, enalafiril 10 sau biyu, Lasix an cire shi a wata na 5 kumburi bai dawo ba. Gwaggo ta koma Salaga a wata na 7. Eko na shekara 1 ya nuna 52 kuma ɗakin zuciyar ya ragu ya kusa komawa girmansa. Tana kan sauran magungunan har yanzu, likita yace ba a gaggawar cirewa. Ta koma sana'arta amma bata ɗaukar ruwa a ka, tashin ƙarfe 3 kuma sun raba da ƙanwar mijin. Tagwayen na tafiya.

Yadda nake ganin lamarin

Tambayar da kowa ke min a unguwa ita ce, Anti kanwar ce ko? Tarihin maganar na da tsawo kuma namu ne. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta cewa wannan ciwon na samun kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu a can, adadin da ba a ga irinsa ba a yawancin duniya, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta ya nuna al'adun jego su kaɗai basu bayyana ciwon ba, tunda masu yi da yawa basa kamuwa, abin da ya fi fitowa shine hawan jinin ciki da rama da talauci da ƙarancin sinadarin seleniyum a jini. Ni a ganina zuciyar ƙanwata ta riga ta yi rauni tun ƙarshen cikin nan, kanwar ta ƙara mata lodi, haka diklofenak da firednisolon masu riƙe ruwa, haka Ventolin mai ƙara gudun zuciya, haka lita ɗayan da aka ɗaura mata da kyakkyawar niyya. Ban yarda a ware tsohuwa ita kaɗai a ɗora mata ba alhali rabin lodin daga hannun mu ma'aikatan lafiya ya fito.

Abin da ya fi ci min rai kwanakin nan 15 ne tsakanin suna da daren da aka buga min ƙofa. Mutum uku masu ilimin magani ne lamarin ya bi ta hannunmu, ni da mai kemis da na asibitin kuɗi, kowa ya kalli alama ɗaya ya bata sunan da ya saba, ni nace kumburin jego, wancan yace mura, wancan yace asma ga macen da ta shekara 34 bata taɓa asma ba. Duk cikinmu babu wanda ya tambaye ta yadda take kwana, kuma da an tambaya ko a kwana na 17 ne da ba a ɗaura mata ruwan nan ba. Ina ganin da na auna ta ranar suna na ga jinin a sama na tura ta asibiti, da wuya ya kai ga oksijin 86.

Magungunan da suka tashe ta ba sabbi bane kuma akwai su a Kumasi, amma sun gaza a karon farko saboda an miƙa su ga mara lafiya ita kaɗai an bar mai riƙe da tukunya a waje, sai da suka shiga bakin zanin Gwaggo sannan suka zauna. Ni dai yanzu duk mai jegon da ke layinmu a kwana na 5 nake shiga da abin awona kafin hidimar suna ta kankama, in tambayi filo nawa, in kuma nemi ganin ledar maganin in ƙirga.

Satin da ya wuce ta tare ni a bakin famfo tace Anti tunda eko ya yi kyau, nan da shekara 2 zan iya cire abin hannun nan? Nace mata ko wadda zuciyarta ta dawo daidai ciwon na iya komowa a wani cikin, tata kuma 52 ce tana kan magani, ni dai ra'ayina ta tsaya a shidan da Allah ya bata. Bata ce min komai ba. Ranar ganin likitan zuciya wata mai zuwa ne, na roƙi baban tagwaye ya rufe gareji ranar su tafi tare, yace in sha Allah zai je.